Tsakar da ke Faɗin Ruwa

A wani tsibiri mai ƙamshin kanumfari, an yi wata yarinya gwanar mafarkin ido biyu. A rufin ɗakinsu akwai ƙatuwar tsaka mai kuka "tok-ke, tok-ke". Yaran garin sukan bi kukan suna cewa: ruwa, rana, ruwa, rana. Inda tsaka ta yi shiru, wai shi za a yi. Yarinyar nan kuwa ta yarda da tsakarta ƙwarai.

Wata safiya kakarta Jainab ta shanya kanumfari a tabarmi. Amfanin shekara guda ke nan, daga itacen da marigayi mijinta ya dasa.

"Zan je dubiya. Ki sa ido, in ruwa ya taɓa shi ya lalace."

"To, Kaka."

Tsaka ta yi kuka, ta tsaya a kan "rana". Hadari ya naɗa wa dutsen tsibirin rawani, yarinya ta gani, ta kau da kai. Ta tafi bakin teku, ta kwanta cikin wani tsohon kwalekwale. Gizagizai suka zama kifaye. Kwalekwalen ya tashi sama a hankali yana bin su.

Ɗigon ruwa ne ya tashe ta. Wayyo! Ta sheƙa gida, ta tarar kanumfari ya jiƙe sharkaf, Kaka na tsaye a kansa.

"Kaka, tsaka ce ta ce rana!" ta faɗa tana kuka. "Ba ta taɓa kuskure ba!"

"Sau nawa ta dace?"

"Ranar Idi, da ranar tseren jiragen ruwa."

"Sau nawa ta yi kuskure?"

Wannan kam yarinya ba ta ƙirga ba. Ba ta taɓa lura ba.

Suka busar da kanumfarin a gefen murhu. Rabi ya yi fumfuna, rabi ya tsira. Sannan Kaka ta ba ta ƙoƙon kwakwa biyu.

"In ƙawar taki ta dace, jefa tsakuwa nan. In ta yi kuskure, jefa can."

Bayan wata guda, ƙoƙunan suka cika kusan daidai. Yarinya ta fashe da dariya.

"Ashe dai ba ruwa take faɗa ba, mijinta take kira, Kaka!"

"Ah to! Zuciya abin da take so take riƙewa, ta zubar da saura. Kafin ki yarda da abu, ki duba inda ya yi kuskure."

Da aka sake shanya, tsaka ta ce rana. Yarinya ta dubi dutse, ta ga hadari, ta naɗe tabarmi. Kanumfari na shiga ɗaki, ruwa ya kece.