Ƙanƙarar da Ta Fito a Kife

"Callum! Me ka zuba a nan?"

Ina tsaye gaban firiza, sanyi na dukan fuskata, amma kaina zafi yake kamar zai kama da wuta. Mazubai arba'in da takwas, kowanne da shuɗi a gindinsa, kuma har ya daskare.

Callum ya juyo daga wajen wanke-wanke yana murmushin nan nasa da ke kashe mini faɗa a sauran ranaku. Yau kam bai yi aiki ba.

"Buluberi mana, zuciyata. Ba ke kika ce shuɗi ne a ƙasa ba?"

"A ƙasa idan an zaro ta! Mazubin a kife yake, abin da ka fara zubawa shi ke fitowa a kai. Da ja ake farawa, ja! Minti arba'in kawai na fita sayen burodi..."

"To a sake."

"A sake? Ƙarfe goma ta yi! Kowane launi sai ya kama kafin a zuba na gaba, sannan a ba ta awa huɗu. Baƙi ƙarfe huɗu za su cika gidan nan. Da yaushe za a sake?"

Na rufe firizar da ƙarfin da ya sa kwalaben sama suka yi ƙara.

Ranar huɗu ga Yuli ce, ranar da Amurka ta ƙwaci 'yancinta daga Ingila. Shekara talatin Mama ta yi tana haɗa wa dangi ƙanƙarar tsinke mai launin tuta a wannan rana: markaɗaɗɗen jan sitiroberi a kai, yogot da zuma a tsakiya, buluberi, ƙananan shuɗɗan 'ya'yan itacen gonarmu, a ƙasa. Ba ta taɓa saka ɗigon kala ba. Shuɗin ma idan za a faɗi gaskiya shunayya ne, amma a gidanmu na Vandermolen ba a faɗin wannan gaskiyar. Da Mama ta rasu shekara uku da suka wuce, aikin ya dawo kaina, tare da girkin Baba, da maganinsa, da rumfar sayar da 'ya'yan itace a bakin titi.

"Marnie," in ji Callum a hankali, "ba ƙanƙarar ce ke damunki ba."

"Kada ka fara."

"Yau za ki gaya masa?"

Hannuna ya kai wuyana da kansa. Tun watan Afrilu zobensa ke rataye a sarƙa cikin rigata. Na amsa masa da zuciya ɗaya, har da hawaye. Abin da na kasa shi ne buɗe baki a gaban Baba.

Callum ɗan Ingila ne. Binciken cutar buluberi ya kawo shi Michigan, ya shigo gonarmu duba ganye, ya fita da zuciyata. A watan Maris mahaifiyarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma shi kaɗai ta haifa. Ƙarshen Agusta zai koma gida ke nan, kuma yana so mu tafi tare a matsayin mata da miji.

"Ka ce Afrilu, na ce bari a gama feshi," na ce ina zuba yogot a jug. "Na sani. Ka ce Mayu..."

"Kika ce bari ranar tunawa da Mama ta wuce. Yuni kika ce sitiroberi ya nuna. Yanzu me ya rage, masoyiyata? Ki gaya mini in shirya."

"Ubana ne, Callum! Ko ƙwai bai iya soyawa ba!"

"Uwata kuma ko cokali ba ta iya riƙewa."

Ya faɗa ba tare da ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da ya yi ihu da na samu abin kamawa.

Ƙofar baya ta buɗe. Goggo Bev, yayar Baba, ta shigo da kwanon dankali a hannu da hula mai taurari a kai. Ta dube ni, ta dube shi.

"Ah, yaƙin ya dawo sabo ke nan? Wa ke cin nasara?"

"Goggo, shuɗi ya fara zubawa!"

Ta leƙa firiza, ta kwashe da dariya har hularta ta karkace.

"Wayyo cikina! 'Yar nan, ke ma da neman magana. Ki rasa wanda za ki ba aikin tutarmu sai wanda muka kora?"

"Ba abin dariya ba ne!"

"Abin dariya ne mana. Zuba farin ki soka tsinkayen tun bai yi tauri ba." Ta matso kamar za ta gyara mini wuyan riga, ta yi ƙasa da murya. "Ki kuma gyara sarƙar nan, abin cikinta na leƙowa duk lokacin da kika sunkuya. Tun bikin Ista nake ganinsa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Haka na ƙarasa aikin ina cika ina batsewa. Na zuba fari, na jira. Na soka tsinkaye arba'in da takwas, guda biyar suka karkace, na gyara su ina tsaki. Na zuba ja a ƙarshe, a inda bai kamata ya zauna ba. Callum na miƙo mini abu kafin in tambaya, ni kuma ina karɓa ba tare da na dube shi ba. Ina son mutumin nan kamar raina, kuma a safiyar nan na tsani yadda yake da gaskiya.

Ƙarfe huɗu farfajiya ta cika. Baba na gaban gasasshen nama da tsohuwar rigarsa mai ratsin ja da fari, yana ɗaga wa kowa cokali. Yana hango Callum ya washe baki.

"Jar Riga! Zo ka ci naman 'yantattu!"

Haka yake kiransa tun ranar farko, saboda jajayen rigunan sojojin Ingila na da. Callum ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, na zo neman afuwa kamar kowace shekara."

"An yi maka, amma ba shayinku na Ingila a gidan nan yau."

Suna son juna, wannan ma wani ciwon ne.

Da aka gama cin abinci na tsoma mazuban a ruwan ɗumi, na zaro su ɗaya bayan ɗaya, na jera a tire. Sun yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, kowane launi ya tsaya a layinsa. Sai dai shuɗi a kai, ja a gindi.

Baba ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya sake juyawa.

"'Yar Baba, yaushe muka koma Faransa? Wannan ai tutarsu ce!"

Farfajiya ta ɗauki dariya. Goggo Bev ta nuna Callum da yatsa tana share hawaye.

"Na rantse!" in ji Baba. "Shekara ɗari biyu da ɗoriya da korarku, har yanzu kuna yi mana zagon ƙasa! Ba komai, Jar Riga. Baɗi zan tsaya a kanka da kaina har ka iya."

Callum bai yi dariya ba. Ya dube ni, kallo ɗaya, ba roƙo a ciki ba kuma barazana. Gajiya ce kawai.

"Ba na nan baɗi, Baba Wendell."

"Ka je duba mahaifiyarka ka dawo, ai na sani."

"Ba zai dawo ba, Baba." Muryata ce, amma kamar daga bakin wata take fita. Na ciro sarƙar daga cikin rigata. "Ni ma... ni ma ba na nan baɗi. Ya nemi aurena, na amsa. Tun Afrilu."

Tsit. Har kaɗawar tutar baranda sai da na ji.

Baba ya dubi zoben. Ƙanƙarar ta fara ɗiga masa ja a yatsu, bai kula ba.

"Tun Afrilu," ya maimaita.

Ya ajiye ta a tire, ya juya, ya nufi rumbun da muke tara kwanduna. Callum ya yunƙura zai bi shi, na riƙe masa hannu.

"Ni ce zan je."

Na same shi zaune kan kifaffen kwando yana goge yatsu da hankici. Na durƙusa a gabansa, kuka ya ƙwace mini.

"Baba ka yi haƙuri... na rasa yadda zan yi ne. Wa zai dafa maka? Wa zai tuna maka magani? Wa zai tsaya a rumfa? Idan ka ce in zauna, wallahi zan..."

"Tashi, Marnie. Ƙasan nan datti."

"Baba..."

"Na ce tashi. Bari in gaya miki wani abu." Ya ja numfashi. "Ni fa ban taɓa son ƙanƙarar nan ba."

Na ɗago da jiƙaƙƙiyar fuska.

"Me?"

"Haƙorana take kashewa. Shekara talatin ina sha don uwarki, shekara uku don ke. Gonar ma ta ishe ni, gwiwoyina sun ƙare. Tun bara maƙwabcinmu Pruitt ke bina in ba shi haya, na ƙi saboda na ɗauka ke ce ba ki iya rabuwa da ita. Bev kuma ta ce ɗakinta na ƙasa na nan babu kowa."

"Baba! Shekara uku? Shekara uku ina tashi da asuba ina... kuma ba ka ce komai ba?"

"Ke kin ce?"

Haushi da dariya da kuka suka haɗe mini. Na kai masa ɗan duka a kafaɗa, ya kama hannun ya riƙe.

"Yaron kirki ne. Wanda zai bar aikinsa don uwarsa ba zai wulaƙanta ki ba. Ki je, 'yar Baba. Je ki kira mini Jar Riga in ja masa kunne."

Da gudu na fita. Callum na tsaye inda na bar shi, fuska ba jini. Na faɗa jikinsa a gaban kowa.

"Ya yarda! Rabin raina, ya yarda!"

Goggo Bev ta rangaɗa ihu, dangi suka hau tafi, aka sa mini zoben a yatsan da ya kamata. An rungume ni har haƙarƙarina ya yi ciwo.

Rana ta yi sanyi lokacin da mutane suka fara loda kujeru a motoci za su bakin tafki kama wurin kallon wasan wuta. Na koma kicin ɗauko makullin mota.

A bakin ƙofa na tsaya.

Baba ne a gaban firiza, shi kaɗai, ya ba ni baya. Tsinke biyu a kan tebur, tas, ko ɗigo babu. Ta uku ce a hannunsa, yana gatsa da haƙoran gaba, yana taunawa a hankali ido a rufe. Na san Pruitt, ko lambun bayan gidansa bai iya kulawa da shi ba. Na kuma san ɗakin ƙasa na Goggo Bev cike yake da kekunan ɗinki har rufi.

"Baba... ka ce haƙori."

Bai juyo ba. Kafaɗunsa suka yi wani ɗan motsi.

"Ta fi ta bara daɗi," ya ce. "Zumar ta yi daidai da ta uwarki."

"Ba zan tafi ba."

"Za ki tafi." Ya juyo, idanunsa jajur. "Na zauna a rumbun can na ƙirƙiro ƙaryar nan da ƙyar, Marnie, ban saba ba. Ki taimake ni ki yarda da ita."

Na rungume shi, ƙanƙarar na narkewa a bayan rigata, muka yi kukanmu mai isarmu. A waje Callum ya danna hon sau ɗaya, a hankali.

Baba ya share fuska da gefen rigarsa, ya tura ni wajen ƙofa.

"Je ki, yana jira. Amma kafin Agusta ki rubuta mini yadda ake yi, da manyan baƙaƙe. Ki fara da wanda ake zubawa farko."