Tabon da Ya Ƙi Barin Gilashi

Mai gyara yana shirin rufe shago sai ga wata tsohuwa rungume da kwamfutar tafi-da-gidanka. Bai ji takunta ba, sanyi kawai ya ji, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Ɗan nan, wani tabo ne ya fito mata. Duba min."

Ya kunna. Ga tabon nan baƙi a gefen hagu, tsawon ɗan yatsa. Ya goge, ya danna, ya motsa murfin ko waya ce ta saki. Ko gezau.

"Iya, in laifin gilashin ne, ba zai fito a wani ba," ya ce, ya jona ta da babban allonsa.

Tabon ya fito a can ma. Har ya yi kafaɗu.

"Ka gano?" Muryar a bayan kunnensa take, alhali ga tsohuwar can kan benci, bakinta a rufe.

Ya kashe komai, ya zare batir. Gilashin ya yi baƙi ƙirin kamar madubi. Ya ga fuskarsa a ciki, ya ga bencin, babu kowa a kai. Tabon kuwa yana nan tsaye a bayansa, yana sunkuyowa.