Kwanon da Aka Saya wa Chizuru

Wani sashe na labarin nan ya riga ya zube daga kaina, kamar hatsi a buhun da ɓera ya huda. Na manta sunan unguwar, na manta ko da bazara abin ya faru ko da kaka. Abin da ya rage shi zan ba ku, tun kafin shi ma ya bi sahun 'yan'uwansa.

Chizuru tana tsugune a ɗan ɗakinsu na Tokyo tana goge rigar da za ta sa gobe, yayarta Sanae kuwa na zaune a gefe tana ɓare lemo. Sanae ce ta riƙe ta tun rasuwar iyayensu a can arewacin ƙasar, ita ce uwa, ita ce uba, shi ya sa maganarta ba ta faɗuwa ƙasa a ɗakin nan.

"Kyoto fa!" in ji Sanae. "Duk samarin da ke ofis ɗinku ba ki ga na so ba sai ɗan Kyoto? Mutanen da za su yabi agogonki alhali nufinsu kin cinye musu lokaci?"

"Haba Yaya, Norio ba haka yake ba."

"Ba Norio za ki je gani ba, 'yar ƙauye, uwarsa za ki gani. Ki buɗe kunne. In kina zaune kika ji ta ce, 'Ko za ki ci bubuzuke?' to ki nemi takalmanki."

"Ba shinkafa ba ce da ake zuba wa shayi?"

"A bakinsu kora ce! Ma'anarta, tashi ki ba mu wuri. Wadda ta ce za ta ci, har jikokinta sai an yi musu dariya."

Chizuru ta yi dariya, amma maganar ta shiga, ta sami wuri ta zauna.

Gidan su Norio irin tsofaffin gidajen nan ne, ƙofa 'yar ƙarama, ciki kuwa tafiya. Mahaifinsa, tsoho Shigeo, yana fama da ciwon ƙirji, amma bakinsa lafiya lau. Yana ganin ta ya tafa hannu.

"Kai Norio, ina ka samo wannan? Yarinya, an gwada idonki kuwa kafin ki yarda da shi? To ku hanzarta, ina so in ci abincin bikin nan da sauran haƙorana!"

Mahaifiyar, Inna Kinue, ita ce ba a gane gabanta. Ta kawo shayi, ta koma ta durƙusa, tana kallon yadda Chizuru ta riƙe kofi, tana kallon yadda ta ajiye shi. Ba fara'a, ba ɗaure fuska. Can ta raɗa wa Norio wata magana, ya tashi yana murmushi, ya ce yanzu zai dawo. Tari ya taso wa tsohon, ya shiga ciki ya kwanta. Ɗaki ya rage daga ita sai uwar.

Sai Inna Kinue ta gyara zama, ta ce a hankali, "Kin daɗe a zaune. Ko za ki ci bubuzuke?"

Chizuru ta tuna gargaɗin yayarta. Ashe shi ya sa aka aiki Norio! Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa tabarma, ta yi godiya, ta ce jirginta ya kusa tashi.

"Af, tun yanzu?" in ji Inna Kinue. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta rufe. "To, a sauka lafiya."

Kuka Chizuru ta yi tun daga tasha har Tokyo.

Norio ya biyo ta, riƙe da wani ƙunshi a ɗaure cikin ƙyalle. Sanae ta tare ƙofa da jikinta.

"Yaya, ki bari in yi bayani—"

"Ni ba yayarka ba ce! Marainiya kuka gani, shi ne za ku kore ta da ruwan shayi?"

Chizuru ta leƙo daga bayan yayarta, ido a kumbure. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Ta faɗa ko ba ta faɗa ba?"

"Ta faɗa, amma a gidanmu ba haka—"

"Kowane ɗa haka zai ce!" in ji Sanae. "Ɗauki tsarabarka ka koma."

"Chizuru, ki buɗe ƙunshin nan kawai."

Ba ta buɗe ba. Abin da ta ji na ƙarshe kafin ƙofa ta rufu shi ne, "Ina nan. Ba inda zan je." Washegari ta canza lambar wayarta.

Shekara shida ce ta wuce ko bakwai, nan ma ƙwaƙwalwata ta ci amanata. Masu so sun fito, Chizuru ta sallame su ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba dalili. Ta rame, dariyarta ta koma ta ofis. Sanae tana gani, abin yana cin ta, don ta fara tambayar kanta: ita da ba ta taɓa taka Kyoto ba, a ina ma ta ji zancen nan? Wata rana tana duba waya ta ci karo da tallar wani aji da ake koya wa matafiya girkin gida a Kyoto, ga sunan mai koyarwar a ƙasa. Ta daɗe tana kallon sunan.

"Shirya, hutu za mu," ta ce wa ƙanwarta. "Na gaji da ganin wannan fuskar taki kamar an jiƙa takarda."

Sai da suka shiga lungun gidan su Norio Chizuru ta gane. Ta ja ta tsaya.

"Yaya! Me na yi miki?"

"Ni na yi miki. Ga ruwa yana sauka, ga ƙofa a buɗe. Shiga."

Inna Kinue ta tsufa, bayanta ya ranƙwafa. Ta dubi Chizuru, idonta ya tsaya kaɗan, sannan ta ce wa ɗalibai duka, "Sannunku da zuwa. A wanke hannu." Ban da su akwai wasu mata biyu matafiya. A hanyar kicin Chizuru ta hangi hoton tsoho Shigeo a kusurwar ɗaki, yana dariyarsa, hayaƙin turare na tashi a gabansa. Bai ci abincin bikin ba ke nan.

Aka fara da romo. Inna Kinue ta sa kowa ya jiƙa busasshen ganyen teku a tukunya, a kan wuta kaɗan.

"Kada ya tafasa. Da kin ga ƙananan kumfa, ki tsame shi. Mai gaggawa ɗaci take sha."

Sanae ta sunkuyar da kai a kan tukunyarta.

Aka zo wainar ƙwai, wadda ake zubawa kaɗan-kaɗan ana naɗewa da tsinke. Da Chizuru ta zo naɗewa, ƙwan ya yage a tsakiya. Ta ce, "Na ɓata, Malama." Sai ta ji busasshen hannu mai ɗumi a kan nata.

"Ba ki ɓata ba. Zuba wani. Naɗi na gaba shi ke rufe ɓarakar na baya."

Tare suka naɗe shi. Hawaye ya ɗiga a gefen kasko ya yi cuu, tsohuwar ta yi kamar ba ta ji ba.

Da aka ci aka ƙoshi, matan nan biyu suka yi godiya suka tafi. Saura 'yar shinkafa ta huce a gindin tukunya. Sanae ta matso kusa da Inna Kinue.

"Malama, ina da tambaya. Wai gaskiya ne in mutumin garin nan ya ce a ci bubuzuke, kora ce?"

Inna Kinue ta ci gaba da goge tebur. "Haka ake faɗa a kanmu. Ni dai abin da na sani, abincin ragowa ne. Shinkafar da ta huce, da shayi, da ɗan tsami. Wa zai ba baƙo ragowa? Baƙo sabon girki ake yi masa. A gidan nan sai ɗan gida ke cin sa. Ranar da uwar mijina ta ce in zauna mu ci, ranar na san na sami shiga. Ni ma na taɓa faɗa wa wata yarinya, sau ɗaya tak."

Ta miƙe da ƙyar, ta buɗe kabad. Kwanonin baƙi suna jere iri ɗaya a ƙasa. A sama kuwa na 'yan gida ne, kowa da nasa, ba mai taɓa na wani. Ta sauko da wani ƙunshi cikin ƙyalle, wanda Chizuru ta gane tun kafin a kwance shi. Kwanon tangaran ne fari, da zanen tsuntsun zalɓe a jikinsa.

"Shi na aiki Norio ya karɓo a wurin magini ran nan. Ai ba a ba 'yar gida abinci a kwanon baƙi. Babansa ne ya zaɓi zanen, wai akwai irin wannan tsuntsu a ma'anar sunanki." Ta shafa bakin kwanon. "Nasa mun fasa a bakin ƙofa ranar da aka fita da shi, yadda ake yi wa mamaci. Wannan kuwa na rasa yadda zan yi da shi. Mai shi tana raye, amma ba a taɓa ci a cikinsa ba."

Chizuru ta zube a ƙasa. "Ki yafe mini! Da na tsaya... da na tambaya... Baba ya tafi yana zaton na raina gidansa!"

"Laifina ne, Inna," in ji Sanae, ita ma tana kuka. "Zancen da na tsinta a bakin mutane na ɗora mata."

"Ku tashi, ku tashi. Ni fa? Ina kallo yarinya ta sa takalmi. An koya mini ba a matsa wa mai tafiya, sai na yi shiru. Kalma ɗaya ce, 'Zauna', na kasa faɗa. Shi kuwa tsohon bai zarge ki ba. Ni ya yi ta yi wa tsiya har ya koma ga Mahaliccinsa, wai fuskata ce ta kore ki, ko shi ma sai da ya yi shekara goma kafin ya daina jin tsoronta."

Dariya ta kuɓuce musu a tsakiyar kuka. Suna cikin haka ƙofar waje ta buɗe, aka ji motsin kwandon cefane da muryar namiji, irin sanarwar da kowane ɗan gida ke yi in ya shigo.

"Na dawo!"

Wanda ke gida shi ke amsawa, baƙo ba ya amsawa. Inna Kinue ta yi gum, ta zuba wa Chizuru ido. Sanae ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Sannu da dawowa," in ji Chizuru.

Kwandon ya faɗi, albasa ta gangaro har kicin. Norio ya leƙo, furfura ta fara fito masa a gefen kai. Ya dube ta, ya dubi kwanon da ke kan tebur.

"Kin buɗe ke nan," ya ce. "Kin dai ɗauki lokaci."

"Ka yi aure?" Sanae ce ta tambaya, don ita ba ta iya kwana-kwana ba.

"Ai na ce ba inda zan je, Yaya."

Wannan karon ba ta ce ita ba yayarsa ba ce.

Inna Kinue ta ɗora butar shayi a wuta, ta juyo. "'Yata, kin daɗe a tsaye. Ko za ki ci bubuzuke?"

"Zan ci, Mama. Har da ƙari."

An yi bikin ba da daɗewa ba, an ajiye hoton tsoho Shigeo a kan kujera ta gaba, da abinci a gabansa. Haƙurin Norio ya biya shi, amma shekarun da suka tafi ba wanda ya dawo da su, kuma Chizuru ba ta taɓa wuce hoton nan ba tare da ta sunkuyar da kai ba. To, 'yan mata da samari, ku ji: kada ku auna mutum da mudun da aka aro muku daga bakin duniya. In magana ta yi muku duhu, ku tambayi mai ita tun yana kusa. Wanda kuma yake son a zauna, ya buɗe baki ya ce a zauna, don kunya ma tana raba zumunci.

Abu ɗaya ne na tabbatar da kaina daga baya, shi kam ban manta ba. Na tambayi Inna Kinue, wadda aka haifa a garin nan ta tsufa a cikinsa, ko ta taɓa ganin an kori wani da bubuzuke. Ta ce ko sau ɗaya. Ita ma a bakin masu ban dariya ta fara jin zancen.