Tulun Lantana

Gangar injin tana juyawa a hankali, shuɗin haske yana lasar farin ƙyallen da ke ciki, ga wani gurnani siriri kamar na mage mai barci. A goshinsa jar fitila tana ƙiftawa. Wannan fitilar ce ta kai ƙara ofishin gyara da kanta, ofis kuma ya turo ma'aikaciyarsa Barira da hantsi zuwa unguwar Rataye, inda gidaje suke reto a jikin igiyoyin ƙarfe, can saman busasshen kwarin da kogi ya taɓa bi.

Tun da kogin ya ƙafe aka hana wanki da ruwa a Sabon Birni. Sai masana suka ƙero injin da mutane suka laƙaba wa suna Tsotsau. Shi ba ya jiƙa tufa. Girgizar sauti yake saki ta kakkaɓe datti daga jikin zare, ya zuƙe shi, ya danne a wani tulun ƙarfe da ke cikinsa. Masanan dai ba su san daidai ba, gama ba datti kaɗai suka sa shi ya tsotse ba, har da wari da ƙamshi da duk abin da hanci zai iya kamawa. Gari ya yi fes, kowa ya yi tas, har ta kai uwa takan rungumi ɗanta ta ji kamar ta rungumi gilashi. Aka kira wannan ci gaba, aka yi ta tafi.

Barira ta riga ta duba waya, lafiya lau. Ta duba ganga, ta duba makogwaron sauti, ba abin da ya same su. Shi ya sa ta jefa ƙyallen gwaji, tun kafin maigidan ya dawo daga ɗauko mata kujera. Da injin ya tsaya ta ciro ƙyallen, sai ta yi turus. Wani abu ya daki hancinta, mai ɗumi, mai laushi, wanda ba ta san sunansa ba amma ƙirjinta ya san shi.

"Kash! 'Yar nan, me kika yi?"

Baba Nomau ne, tsohon mai shayi, dogo, ya rame, kujera a hannu. Ya ajiye ta ya karɓi ƙyallen ya shinshina, idonsa ya ciko. "Man kaɗanya da kunun kanwa. Haihuwarmu ta fari ke nan kika zubar mini a tsumma."

"Baba, ban gane ba."

Tsohon ya taka zuwa bakin taga, inda wata tsohuwa take zaune tana kallon gajimare yana wucewa ta ƙasan gidan. Ita ce Lantana, matarsa, wadda ciwon mantuwa ya share wa komai, har fuskar mijinta. Ya ɗora mata ƙyallen a cinya. Tsohuwar ta ja numfashi, ta tattara shi a hankali, ta ɗora a kafaɗa tana jijjigawa tana ɗan bubbuga shi.

Barira ta koma ta kwance murfin bayan injin, a nan ta ga matsalar. Doka ta ce a riƙa sauya tulu duk shekara, amma wannan tulun bai taɓa barin mazauninsa ba, hatimin kamfanin ma yana nan, shekara arba'in da ɗoriya. Ya cika ya tumbatsa, har ƙarfin abin da ke ciki ya juyar da bawul, wato 'yar ƙofar da ke hana abin da aka zuƙa komawa waje. Maimakon injin ya zuƙa, sai ya koma yana fesowa. Ga shi kuma ƙamshin daki-daki yake kwance a ciki, na bana a sama, na da can a ƙasa, don haka kowane wanki baya yake komawa da su.

"Lantana ce ta hana a sauya," in ji Baba Nomau. "Takan ce abin da bai yi kuka ba, ba a ba shi magani. Ran da injin ya fara wannan haukan, na sa rigata na shigo, sai ta ɗago ta ce, 'Malam, ka dawo?' 'Yar nan, rabona da in ji wannan kalmar har na fid da rai. Tun daga ranar, kowace safiya nakan wanke riga ɗaya, mu zauna mu yi hira a shekarar da injin ya ba mu, kafin ƙamshin ya tashi."

"Ba ka gwada haɗa ƙamshin da kanka ba?"

"Na gwada mana. Na shafa citta, na shafa kanumfari, ta ce a fitar mata da wannan mai warin yajin." Ya yi dariya kaɗan. "Ina zan samu hayaƙin gawayi a garin da aka hana hura wuta? Ina zan samu gumin saurayi?"

Barira ta haska cikin tulun da 'yar na'urarta ta hannu. Hoton ya nuna fili fetal, sai wani siririn layi mai ruwan zuma a can gindi. Ta ji haushin kanta da ƙyallenta da ya cinye musu wanki guda. Ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla, yadda aikinta ya koya mata. In ya ga dama ta gyara: ta toshe tulun, ta mayar da bawul, abin da ya rage ya zauna a ciki har abada, ba mai shaƙa. In ya ga dama a kawo sabo, kamfani ya ɗauke wannan ya narkar.

"In kuma aka bar shi fa?"

"Wanki ɗaya ya rage, Baba. Da tulun ya ƙare bawul zai koma daidai da kansa."

Tsohon ya dubi injin. Sannan ya girgiza kai. "Ba ni da ta cewa. Kayan ɗakinta ne, mahaifinta ya saya mata, da shi aka kawo ta. Namiji ba ya taɓa kayan ɗakin mace sai da izininta, ko duniya ta koma bisa igiya. Ita za mu tambaya."

Hanyar tambayar kuwa ɗaya ce, su duka sun sani: sai wankin ƙarshen ya dawo da ita. Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa.

Ganga ta juya. Wannan karon tun kafin a buɗe murfi ɗakin ya sauya. Lalle ya fara fitowa, sai humra, sai turaren wuta mai nauyi, a ƙarƙashinsu duka kuma ga hayaƙin gawayi da citta na wani matashin mai shayi da ya rufe teburinsa da wuri don zai tafi ɗakin amaryarsa. Barira, wadda aka haifa a gari marar ƙamshi, ta jingina da bango, ta ji kamar gidan ya kwance daga igiyarsa yana tafiya da su.

Baba Nomau ya sa rigar ya durƙusa gaban matarsa. Lantana ta dube shi, idanunta suka buɗe. Sai ta yi wuf ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sunkuyar da kai.

"Lantana, ni ne. Yi mini magana."

Shiru. Kafaɗunta dai suna ɗan rawa, dariya take ƙunshewa.

"Ikon Allah," ya ce. "Amarya ce yau. Ba za ta tanka ba sai an sayi baki. 'Yar nan, taimake ni, zama ƙawarta, ƙamshin ba ya jira."

Barira ta ajiye sukundireba, ta zauna gefen tsohuwar, ta ɗaure fuska yadda ta ji ana ba da labari. "To ango, da me ka zo mana? Bakin ƙawarmu ba na banza ba ne." Ya lalube aljihu, dabino ya samu da rabin goro. Barira ta juya su a tafin hannu, ta ce abin ya yi kaɗan, amma don ganin idonsa an karɓa. Ta ɗage mayafin.

Lantana ta kalli mijinta ta gefen ido, da kunya, da so wanda ba ya ɓoyuwa. Ta kai hannu ta taɓa wuyan rigarsa.

"Malam, rigar nan taka duk hayaƙi ce. Cire in wanke maka. Ga sabon injina nan, ba wanda zai taɓa mini shi sai ni."

Barira ta waiwaya. Jar fitilar ta mutu, koriya ta kama. Ta buɗe baki za ta yi magana, tsohon ya ɗaga mata hannu. Amarya ta nemi ta yi wa mijinta hidimar fari, da wane baki zai ce mata a'a? Ya sunkuya, ita da kanta ta zare masa rigar, ta taka da sauri kamar yarinya, ta sa a ciki, ta danna maɓalli tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

Tsotsau ya yi aikinsa yadda masu ƙera shi suka yi mafarki. Ya zuƙe na rigar, ya zuƙe na iskar ɗakin. Da ya tsaya, rigar ta fito fara sol, ba ta ƙamshin komai. Na'urar Barira ta yi ƙara ta aika wa ofis saƙo cewa inji ya warke, ba ya bukatar gyara ko sauyi.

Lantana ta ninke rigar da kyau, ta juyo ta ga wani dogon tsoho tsaye a tsakar ɗakinta da 'yar shara a jikinsa, hawaye yana bin gemunsa. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ga wankinka, bawan Allah. A gaida mutanen gida."