Bakin da Hajiya Kulu Ta Rufe

Ranar wata Talata, da rana ta yi ja a saman rufin gidajen Gyadi-Gyadi, ladanai suka fara gyaran murya, Hajiya Kulu ta miƙe domin ta yi abin da take yi kowace magariba tun ƙuruciyarta. Ta rufe randa. Ta kifa kwanuka. Ta ja taga, ta sakaya ƙofar baya. Haka iyayenta suka hore ta: idan duhu ya kawo kai halittun ɓoye suna bazuwa, kuma ba su da ikon buɗe abin da aka rufe da sunan Allah.

Gidan na ɗanta ne Mu'azu, wanda unguwa ke kira Injiniya, shi ma kuma ba ya amsa wani suna sai wannan. Sana'arsa raba intanet. Daga wani ƙaramin ɗaki a zaurensa wayoyi suke fita, su bi katanga, su shiga shaguna da gidaje har cikin Tarauni. Ya san abin da ya karanta, wannan ba a musu. Abin da ya jahilta shi ne cewa akwai wani ilimi bayan nasa. Idan mahaifiyarsa ta yi zancen rufe kwanuka, sai ya yi mata murmushin da ake yi wa mai taɓin hankali. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka shige, ta bar masa 'ya guda, Maimuna, mai shekara goma sha tara, wadda take kwana a ɗakin kakarta.

A cikin makon ne ya kafa wani ƙaramin akwati a bangon ɗakin tsohuwar, bai nemi izininta ba, don ta nan katangar maƙwabta ta fi kusa. Bakuna takwas ne a jere a jikin akwatin. Bakwai an cusa musu waya, na takwas a buɗe. Ɗaya daga cikin wayoyin guntuwa ce, shuɗiya, wadda ya saka kanta ɗaya ya bar ɗayan yana reto, da nufin ya ƙarasa aikin wata rana.

Hajiya Kulu ta tsaya a gaban akwatin ta yi tsaki.

"Mu'azu da sakaci. Baki a buɗe da magariba, kuma a ɗakina!"

Ta kama kan wayar da ke reto ta danna shi cikin bakin na takwas. Ya shige, ya yi ƙas. Mita ce a bakinta a lokacin, saboda haka ba ta ambaci sunan Allah ba. Cikin shekara sittin, wannan ne abu na farko da ta rufe haka.

Ƙananan fitilun akwatin, waɗanda a da suke ƙifta ido ɗaya bayan ɗaya, suka kama gaba ɗaya suna rawar sanyi. A daidai nan Maimuna ta shigo da buta a hannu, ta dafa bango kusa da akwatin don ta cire takalmi. Butar ta faɗi. Ruwa ya bi tabarma. Sai dutse na farko ya sauka a kan kwanon rufi.

"Maimuna, lafiya?" in ji kakarta.

Yarinyar ta juyo a hankali, idanunta ba sa kallon kowa. Ta ce, "Maimuna lafiya." Ta sake faɗa sau biyu, sannan huɗu, sannan takwas, har kalmomin suka narke cikin juna suka zama wani gunji marar numfashi.

Haka gidan ya kasance kwana uku. Duk maganar da aka yi a cikinsa, ko da raɗa aka yi ta a zaure, sai ta fito daga bakin Maimuna da muryar mai ita. Ta faɗa wa ƙofa, ta juya ta faɗa wa taga, ta faɗa wa kowace kusurwa, tana ninkawa. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, don bakinta bai samu sararin haɗiya ba. Leɓɓanta suka tsage. Muryar ta dishe amma ba ta tsaya ba. Da rana ta karkata kuwa, duwatsu su fara zuba a kan rufi, ba a ga hannun da ke jifa ba.

Shi kuwa Injiniya, a wannan sa'ar ta Talata intanet ɗinsa ya mutu daga Gyadi-Gyadi har Tarauni, amma girman kai bai bar shi ya haɗa al'amuran biyu ba. Ya kai yarinyar wurin likita, aka duba ba a ga ciwo ba, aka ba ta maganin barci. Ta yi barcin leɓɓanta suna motsi. Duwatsu, ya ce 'yan iskan unguwa ne. Mutuwar aikinsa kuma ya ɗora ta a kan abokan hamayya na Unguwa Uku, daga baya ya ɗaga ta ya kai ƙasashen ƙetare, don a ganinsa ba ƙaramin mutum ne zai iya karya aikinsa ba.

Ranar Juma'a Hajiya Kulu ta ga idanun jikarta sun zurma, ta gane cewa wani kwana guda zai iya zama na ƙarshe. Ta aika unguwar Darmanawa a kira Malam Shehu. Ita ma ba ta nemi izini ba.

Malam Shehu dattijo ne siriri, mai ƙarancin magana, wanda ya shafe rayuwarsa a kan karatu da karantarwa. Ya iso bayan la'asar. Ya dubi yarinyar, ya tambayi lokacin da abin ya fara, sannan ya daɗe yana kallon akwatin bango.

"Injiniya, mene ne aikin wannan?"

"Malam, wannan ba fanninka ba ne."

"Da fannina ne da ban tambaye ka ba."

Mu'azu ya ja numfashi irin na wanda aka ɓata wa lokaci. "Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Yanka shi ake yi fakiti-fakiti, kowanne da adireshin wanda ya aiko da na wanda aka aika wa. Babban akwatin da ke zaure, gada muke ce masa. Shi ke karanta adireshi. In ya san bakin da mai saƙon yake, ta nan kaɗai zai tura. In bai sani ba, sai ya watsa ta kowane baki, ban da wanda saƙon ya shigo ta cikinsa."

"Wannan na bango fa?"

"Ƙarin baki ne kawai. Ba ya yanke hukunci. Duk abin da ya shigo masa gada yake miƙa wa, abin da gada ta ce shi zai yi."

"To, idan saƙo ya fita ta wani baki ya dawo ta wani?"

"Sai ya yi ta zagaye yana ninkuwa har komai ya toshe. Amma ba ya faruwa a nan. Akwai tsarin da ke tsare wannan, na ma kashe shi, jinkiri yake jawo mini. A aikina ba a yin irin wannan kuskuren."

"Madalla," in ji Malam Shehu.

Bayan an idar da magariba ya zauna a gefen tabarma, ya sa tsohuwar ta riƙe kan jikarta, ya fara karanta ayoyin tsari da murya ƙasa-ƙasa. Duwatsu suka ƙaru. Ya ci gaba. Can sai rufin ya yi tsit, gunjin ma ya yanke. Sannan wata murya ta fito daga bakin Maimuna, kamar ta mazaje ɗari suna furta kalma guda, wasu suna riga wasu.

"Tsoho, ka san da wa kake magana? Ni ne mai mulkin wannan ƙasa tun tana fadama!"

"Mai mulki," in ji Malam Shehu, "a cikin akwatin roba, a bangon ɗakin tsohuwa? Faɗi gaskiya, ko in ci gaba."

Ya ci gaba da aya guda. Muryar ta yi ƙara.

"Tsaya! Aike aka yi ni. Hanyarmu ta nan ta bi tun kafin a aza tubali. Da wannan mutum ya shimfiɗa wayoyinsa, na ga sun fi ƙasa santsi, sai na riƙa bin su. Ranar Talata ina ciki aka rufe ƙofa a bayana. In na fita ta wani baki, sai in ga na shigo ta wani. In na isa babban akwatin, bai san adireshina ba, sai ya watsa ni ko'ina. Na zama biyu, na zama dubu, kowane guntu nawa yana bin ɗan'uwansa. Yarinyar ta dafa bango, na kama ta don in samu wurin tsayawa."

"To, ka tsaya. Yanzu fita."

"Da sharaɗi. A yanka mini baƙin rago a ƙofar ɗakin nan. Kuma yarinyar ta zama masaukina duk magaribar da na biyo."

Hajiya Kulu ta rushe da kuka. Mu'azu, wanda bai taɓa yarda da samuwar abin da ke magana ba, ya ce, "Malam, rago ai ba komai ba ne, in je yanzu…"

"Zauna," in ji Malam Shehu. "Jini ba ya zuba don wanin Allah a inda nake." Ya juya ga yarinyar, fuskarsa cike da raini. "Kai kuma, wa ya ba ka ikon ciniki? Yanzu Injiniya ya karantar da ni irinka. Ƙarin baki ne kai. Ana ba ka, kana miƙawa, hukunci ba naka ba ne. Kwana uku ubangidanka yana jiran saƙonsa, kai kana nan kana jifan kwano. Me za ka ce masa? Ka ce guntuwar waya ce ta ɗaure ka?"

Jikin Maimuna ya ɗauki ɓari.

"Da yardar Allah za ka bar yarinyar nan, ko kana so ko ba ka so," in ji Malam Shehu. "Abin da ya rage maka zaɓin inda za ka nufa. Ko ka koma cikin wayar ka ci gaba da zagaye har ubangidanka ya zo da kansa ya same ka, ko mu buɗe maka ka kama gabanka. Ba rago, ba masauki. Ka rantse ba ka ƙara bi ta gidan nan."

"Na rantse," muryar ta ce, ta ƙanƙance. "Na rantse da Wanda ya halicce ni daga wuta. Ku buɗe."

"Wace ƙofa ce?" in ji Malam Shehu.

Sai abin ya yi dariya, dariyar ƙasƙantacce da ya samu wanda ya fi shi faɗuwa. "Ku tambayi Injiniya! Kwana uku yana zargin mutanen ƙetare, abin kuwa yana rataye a saman gadon uwarsa. Shuɗiyar waya, ba ta kai kamu biyu ba, kanta biyu a akwati ɗaya."

Mu'azu ya ɗaga kai ya gani. Ya miƙa hannu zai fizge.

"A'a," in ji Malam Shehu. "Wanda ya rufe shi zai buɗe."

Hajiya Kulu ta miƙe da ƙyar. "Ni ce, Malam. Na ga baki a buɗe na rufe. Ina faɗan Mu'azu a raina, ban yi bismillah ba."

"Niyyarki mai kyau ce, Hajiya. Rabin aikin kika yi. Ƙarasa."

Ta kama wayar, ta ce, "Bismillahi," ta ja. Fitilun akwatin suka ɗauke gaba ɗaya, sannan suka dawo suna ƙiftawa ɗaya bayan ɗaya kamar da. Ƙaramin yatsan ƙafar Maimuna ta hagu ya karkaɗa sau uku. Labule ya ɗaga ba tare da iska ba, ya sauka.

Aka jira. Ladanin isha'i bai kira ba tukuna. Yarinyar ta buɗe ido ta dubi kakarta, wannan karon ita take kallo.

"Hajiya, ruwa."

Tsohuwar ta tsaya da kofi a hannu tana sauraron maimaici. Bai zo ba. Sau ɗaya yarinyar ta faɗa.

Washegari Mu'azu ya mayar da tsarin da ya kashe, ya kuma sayo 'yan murafen roba na toshe bakunan da ba a amfani da su, ya zuba wa mahaifiyarsa a hannu ba tare da ya haɗa ido da ita ba. Abokan hulɗarsa da suka tambayi abin da ya faru, ya ce musu hari ne daga ƙetare, kuma shi ya daƙile shi. Allah ne masanin abin da zukata ke ɓoyewa. Amma mutanen gidan sun shaida cewa duk magariba, idan Hajiya Kulu ta gama da randa da kwanuka ta nufi zaure don ta duba bakunan gada, Injiniya yakan tashi daga kujerarsa ya ba ta hanya, kuma ba ya zama sai ya ji ta ambaci sunan Allah.