Kakin Da Aka Hana Sego

Bayan la'asar Amisi ya ɗauki jarka ya nufi rafi ɗebo ruwa. Kwanansa tara da dawowa ƙauye daga birnin Nampula, inda ya shafe shekara goma sha ɗaya yana gadin shagon wani, har tafin ƙafarsa ya yi laushi kamar na jariri. Ba komai ya dawo da shi ba sai kewar daji. Mahaifinsu, Che Ndala, maɗebin zuma ne, ya kuma rasu Amisi yana can yana kaɗa makullai.

A gaɓar kogin Lugenda ba a neman zuma da ido. Mutum ya shiga daji ya kaɗa harshe, brrr, ya bi da gurnani daga ƙirji, hm. Sai sego, ɗan tsuntsun nan mai ruwan toka, ya zo da surutunsa ya ja shi daga wannan bishiya zuwa waccan har gidan ƙudan zuma. Mutum ya kwashi zuma, ya bar wa tsuntsu kaki a kan ɗanyen ganye. Haka aka taso aka tarar.

Jiya ne yayansa Bonomar ya ja shi daji.

"Kai za ka kira, ɗan birni. Muryarka ta Baba ce sak. Ni taba ta gama da maƙogwarona."

Amisi ya ji daɗin maganar nan har idonsa ya kawo ruwa. A kira na uku sego ya amsa. Ya kai su wata tsohuwar bishiya mai kogo, suka yi hayaƙi, suka cika bokiti biyu.

"Yi gaba da kayan kar ƙudan zuma su kumbura maka wannan fuskar taka mai santsi," in ji Bonomar. "Ni zan ajiye wa tsuntsu rabonsa."

Amisi ya yi gaba. Ɗan guntun kaki kawai ya jefa a aljihu, don ƙamshinsa irin na rigar Baba ne.

To, yau yana duƙe a bakin rafi, jarka na shan ruwa, sai ya ji surutu a bisa kansa. Sego ne. Babu wanda ya kira shi, kuma sego ba ya jagora da yamma, ko wawan ƙauye ya san wannan. Amma Amisi, bawan Allah, sai ya ɗauka daji ne ya karɓe shi. Ya bar jarka ya bi.

Tsuntsu ya tashi, ya sauka, ya jira. Rana ta yi ja. Hanyar ta jiya ce, ya gane ta. Ƙaurin toka ya fara dukan hancinsa, haɗe da wani wari mai zaƙi, na zumar da ta ƙone.

Bishiyar tana kwance.

An sare ta daga gindi, an tsaga kogon, an cinna masa wuta. An kankare shi tas, ko kakin da zai cika farce ba a bari ba. A ƙasa ga shatin buhu da aka ja. Ya taka, wani abu ya yi ƙaras. Gawar ƙudan zuma ce, birjik.

Ya ɗaga ido. Can gaba ga wani kututture baƙi, ga wani kuma. Ya ƙirga bakwai, wasu har ciyawa ta fito musu.

Nan ya gane, kuma abin ya yi masa zafi fiye da tsoro. Ba taba ba ce. Bonomar ya daɗe yana wannan aikin, yana kwashe kaki kaf ya sayar, har sego ya daina amsa masa. Sabuwar murya yake nema. Waya bayan waya da ya riƙa yi masa yana birni, "ka dawo gida, ƙanena," ashe maƙogwaronsa ake so.

Sego ya yi shiru. Gyare ma sun yi shiru.

Brrr. Hm.

Daga bayansa. A ƙarshen kiran har da ɗan tarin nan da Baba yake yi.

Ya juya a hankali.

Wani yana zaune a kan kututturen bishiyar da aka sare. Zaman Baba, ƙafa ɗaya a naɗe, kafaɗar hagu a karkace saboda ɗaukar gatari. Amma jikin yana motsi. Duk jikin. Ƙudan zuma ne, dubbai, suna hawa kan juna. Inda ya kamata a ga fuska, babu komai sai su.

"Wa ya kira?" Maganar ta fito ƙasa-ƙasa, cikin gunjin fukafukai.

"Ni ne."

"Da muryar wa?"

"Ta Baba."

"Ina rabon?"

"Yaya ya ce zai..."

"Ba Yaya ne ya kira ba."

Ya ji su a kan yatsun ƙafarsa. Ɗumi. Suna hawa. Gwiwa. Ciki. Ko ɗaya bai harbe shi ba. Suka taru a wuyansa, suka tsaya.

Numfashi ma tsoronsa yake ji.

Hannunsa ya taɓo aljihu. Guntun kakin.

Ya duƙa kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da ruwa. Ya tsinki ɗanyen ganye. Ya shimfiɗa. Ya ɗora kakin.

Sego ya sauko. Ya duba. Ya sa baki.

"Kaɗan ne," in ji gunjin fukafukan.

"Shi ke nan abin da nake da shi."



Sai ƙudan suka zube daga jikinsa kamar yashi. Guda ɗaya ya rage. Ya harbe shi a maƙogwaro, daidai tsakiya.

Amisi ya zura da gudu. Ƙaya, dutse, bai ji ba. Bai waiwaya ba har ya hango hayaƙin gidajen ƙauye, ana kiran magariba.

Ya tarar da Bonomar a bayan ɗaki yana narka kaki a tukunya. Amisi ya nuna tukunyar, ya nuna daji, maganar ta ƙi fita.

"Tsuntsu ne fa, Amisi," in ji Bonomar, bai ko ɗago kai ba. "Tsuntsu. Kai da ka yi zaman birni ma sai ka fi mu ƙauyanci?"

Kumburin harbin ya sace bayan kwana huɗu, amma muryar ba ta dawo ba. Raɗa kawai yake iya yi. Kiran kuwa, ko ya kaɗa harshe, iska ce ke fita. Duk Juma'a yana neman kaki wurin maƙwabta ya kai gindin kututturan nan bakwai da na takwas, ya ajiye a kan ganye. Sego yana zuwa ya ci, amma bai sake yi masa surutun jagora ba.

Ran nan da hantsi yana gyaran shinge, sai ya jiyo Bonomar a gindin mangwaro, inda waya ke kamawa, yana magana da autansu Sualehe da ke aiki a garin Lichinga. Muryarsa ta yi taushi.

"Ka dawo gida mana, ƙanena. Ka san kuwa, duk cikinmu muryarka ce ta Baba sak."

Amisi ya yar da adda ya ruga, yana ihu iya ƙarfinsa. Ko kajin da ke kiwo a tsakar gida ba su ɗago kai ba.