Wanda Ya Gyara Bishiyar Ilinca

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Octavian Bratu zuwa wani ƙaramin kamfani a birnin Cluj, mai rubuta manhajar tsara zirga-zirgar motocin asibiti. Wani ya nemi sayar da ita a ɓoye ga wani kamfani a Timișoara. Waɗancan suka tsorata, suka miƙa saƙon ga 'yan sanda.

Mai kamfanin, Madam Rodica, ta tare shi tun daga matakala da takarda a hannu.

"Ga shi, Yallabai. Ɓarawon ya turo musu wannan don su ga abin da ke cikin buhu kafin su saya."

Zane ne na abin da ke cikin manhajar, kamar bishiya: babbar folda a sama, ƙanana na saukowa reshe-reshe, fayiloli a ƙarƙashin kowace.

"Daga kwamfutar wa ya fita?"

"Ta ma'aikaciyarmu Ilinca. Alhamis, ƙarfe ɗaya da kwata. Kuma guntun kod ɗin da ya zana bishiyar, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, nata ne. A nan duk wanda muka ɗauka aiki, makon farko sai ya rubuta nasa."

Bratu mutum ne da ba ya yarda da ko sikelin mai sayar da tumatir. Hujja ta cika tsaf haka, sai ta ƙara masa zargi.

Ilinca Oprea na zaune a ɗakin shan shayi, idonta jajir. Ta san in aka shigar da ƙara, ɗauri ne, ga 'yarta mai shekara huɗu ba kowa gare ta sai ita.

"Ina kike a lokacin?"

"A kan teburina."

"Mai sayar da burodin covrigi a ƙasa ya ce kin fita sha biyu da rabi, kin dawo biyu."

Ta sunkuyar da kai. "Wani kamfani na je neman aiki. Na ji tsoron Madam ta sani."

"Kin kulle kwamfutar?"

"Na manta. A nan wanda ya manta, shi ke sayen covrigi na kowa washegari. Amma ran nan babu wanda ya tona ni."

Bratu ya rubuta wannan. 'Yan kwamfuta na iya yafe zagi, amma ba su taɓa yafe covrigi na kyauta ba. Wanda ya ga allon a buɗe ya yi shiru, yana da dalili.

Ya miƙa mata takardar. Ta duba, ta sake dubawa, ta ɗaure fuska.

"Wannan ba bishiyata ba ce. Tawa tana da aibi. Reshen ƙarshe ba ya rufewa, layin sai ya zarce ƙasa kamar igiyar shanya. Shekara uku ana yi min dariya a kai."

Suka buɗe kod ɗin. An canja layi guda, ranar Alhamis, ɗaya da minti goma. Bratu ya sa ta ɗauko tsohon kod ɗin daga ma'ajiya, ta buga masa bishiyar da aibinta.

Horia Lupaș shi ne dattijon ofishin, mai furfura da rigar sanyi mai maɓalli, wanda ke gyara wa mutane rubutu ko a katin biki. Wajensa Bratu ya nufa.

"Na ci abinci a waje ran nan," in ji shi. "Ban kusanci teburinta ba. Kaico, yarinya mai ƙoƙari, sai dai gaggawa."

"Ka ga saƙon da aka tura?"

"Ina zan gan shi? Madam ta ɓoye."

Bratu ya ajiye masa mummunar bishiyar. "Ga shi. Da wannan zan kai ta kotu. Masananmu sun ce irin wannan shirme sai ɗan koyo. Duk wanda ya tura wannan bai san aikinsa ba."

Horia ya kalli layukan da suka zarce. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ba wannan aka tura ba! Waccan rassanta a rufe suke, kowane..."



"Wacce?" in ji Bratu a hankali. "Wadda ba ka gani ba?"

Horia ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi.

"Shekara goma sha tara ina nan. Aka tashi naɗa shugaban sashe, Madam ta ce Ilinca. Na zauna a kujerarta don in tura kawai in tashi. Sai bishiyar ta fito a karkace. Wallahi hannuna ya kasa turawa haka. Minti biyar ya ɗauke ni."

Aka sa masa ankwa. Da suka zo wucewa ta ƙofar ɗakin shayi, ya tsaya.

"Ilinca. Gyaran dai daidai ne, ko?"

Ta dube shi.

"Daidai ne, Kawu Horia. Shi ya sa yau ni zan ɗauko 'yata daga makaranta."